Neman kalma: me za mu kira takardar lamunin da ke bin tashin farashi?

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau kalmar fannin kuɗi nake so mu tsayar, irin takardun nan da Amurkawa ke kira TIPS. Shi bond dai an gama da shi tuntuni, 'yan jarida sun saba cewa takardar lamuni kuma kowa ya gane, ka ba gwamnati rance ta ba ka takarda, tana biyanka kuɗin ruwa lokaci-lokaci, in wa'adi ya cika ta maido maka uwar kuɗinka. To amma wannan nau'in fa daban yake, kuma abin da nake gani ana rubutawa shi ne "takardar lamuni mai kariya daga hauhawar farashin kayayyaki", kafin ka gama faɗa numfashi ya ƙare.

Kafin a raɗa wa abu suna sai an san yadda yake aiki, don haka ku yi haƙuri da ni da ɗan lissafi.

A takardar lamuni ta yau da kullum, irin wadda ofishin kula da basussuka na Najeriya wato DMO ke sayarwa, uwa a tsaye take, ruwa ma a tsaye yake. Ka ba da dubu ɗari, dubu ɗari za a maido maka ko da a ranar ba ta sayen rabin abin da take saya a da. Wanda ya ga Disamban 2024 lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Najeriya ya san abin da nake nufi, ruwan da ake biya bai kamo ƙafar tsadar ba.

A TIPS kuwa, wanda baitulmalin Amurka ya fara sayarwa a Janairun 1997, kason ruwan ne kawai a tsaye, ita uwar motsi take yi. Ana ɗaure ta da ma'aunin farashin kayan masarufi da hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar ke fitarwa duk wata. Ga misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi. Ka sayi ta dala 1,000, ruwa kashi 2 a shekara, ranar da aka fitar da takardar ma'auni yana kan 300. Bayan wata 6 ma'auni ya hau 306, sai a raba 306 da 300, ya ba da 1.02, a ninka da uwarka ta koma 1,020. Tunda sau biyu ake biya a shekara, rabin kashi 2 wato kashi 1 za a ba ka, amma na 1,020 ba na 1,000 ba, kenan dala 10 da santi 20. Ƙarshen shekara ma'auni ya kai 312, uwa ta zama 1,040, biya ya zama 10.40. Kason bai taɓa canzawa ba, abin da ake cire kason daga jikinsa ne ya girma. Kuma shi ƙarin da ya hau kan uwa ba a damƙa maka shi yanzu, taruwa yake yi sai ranar cikar wa'adi, shekara 5 ko 10 ko 30.

In farashi ya sauka fa? Uwa ma sauka take. Ma'auni ya koma 294, uwa ta zama 980, biya 9.80. Sai dai a Amurka in wa'adi ya cika ana duba wadda ta fi yawa tsakanin uwar asali da wadda aka daidaita a ba ka ita. Na Ingila, da suka fara tun 1981, ba su da wannan alƙawarin.

Yanzu mu dawo kan suna. Wani ɗan'uwa ya ce a ce "lamuni mai garkuwa". Malam na ji daɗin kalmar a baki amma ban yarda da ita ba, don alƙawarin da take yi ya fi abin da takardar ke bayarwa. A 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a Amurka a watan Yuni, babban bankinsu ya dinga ɗaga ruwa, darajar waɗannan takardun a kasuwa ta faɗi, wanda ya sayar da tasa kafin wa'adi ya tafka asara alhali ya saya ne don gudun tsada. Ga kuma haraji, gwamnatin tarayyarsu na karɓar haraji a kan ƙarin da ya hau uwa a shekarar da ya hau, tun kafin kuɗin ya shigo hannunka. Sannan alƙaluman da ake aiki da su na wajen wata 3 baya ne, kuma shi ma'aunin, matsakaicin cefanen mazauna birane yake aunawa, ba naka cefanen ba. Mutumin da ya ji garkuwa zai zaci ya tsira daga duk wannan, sunan da zai sa mutum ya saki jiki da kuɗinsa haka ni dai ba na goyon bayansa.

Wata baiwar Allah kuma ta kawo "lamunin mudu", ta ce ai kamar ka ranta wa maƙwabci mudun gero ne da bazara, mudu zai maido maka ko gero ya yi tsada ko ya yi araha. Hajiya wallahi kin kusa, kuma tarihi ma yana bayanki, don a 1780 lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka jihar Masacusets ta ba sojojinta takardun bashi da aka ɗaure da farashin masara da naman shanu da gashin tumaki da fatar takalmi, saboda kuɗin takarda na lokacin ya lalace. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne mudu a maido mudu babu ƙari a ciki, ita kuwa wannan takardar da ruwanta, kuma ba sukuk ba ce, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci da babu ruwa a cikinta. Mutanenmu da yawa abin da za su fara tambaya kenan, hukuncinsa na malamai ne, amma bai kamata sunan da muka raɗa ya ɓoye musu cewa akwai ruwa ba.

"Lamuni mai ruwa hawa da sauka" kuma kuskure ne kai tsaye, wannan wata takarda ce daban wadda kason ruwanta ne ke canzawa.

Ni abin da nake kawowa shi ne lamuni bi-farashi. Ginin kalmar namu ne, kamar ci-rani da bi-bango da share-fage, gajere ne, kuma gaskiya kawai ya faɗa: bi yake yi. Farashi ya hau ya bi shi, ya sauka ya bi shi, kuma mai bi a baya yake tafiya, wanda ya yi daidai da jinkirin wata 3 ɗin nan. Bai ce zai kare ka ba, bai ce babu ruwa ba. Jam'i takardun lamuni bi-farashi. Kishiyarsa sai mu ce lamuni tsayayye. Uwar da aka riga aka ninka kuma daidaitacciyar uwa, ta farko uwar asali.

Ku gwada shi a jimla ku ji: "Afirka ta Kudu da Burazil suna sayar da takardun lamuni bi-farashi, Kanada kuma ta daina fitar da sababbi a 2022." Ko mai karanta labarai a rediyo ba zai yi tuntuɓe da shi ba.

Saura guda ɗaya da nake so 'yan banki da malaman lissafi da ke nan su sa baki, lambar nan 1.02 da ake samu in an raba ma'aunin yau da na ranar fitarwa. Ni "lambar ninki" nake kiranta tunda da ita ake ninka uwa, wanda yake da wadda ta fi ta ya ajiye mana a ƙasa mu duba.