'Yan'uwan Yesu a Markus 6:3, su waye ne?

Mai_Neman_Sani:
Salama 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min, Katolika suna cewa Maryamu budurwa ce har ƙarshen rayuwarta, amma Markus 6:3 ya jera sunaye ƙarara, Yakubu, Yusufu, Yahuza da Siman, har da 'yan'uwa mata. To in ba ita ta haife su ba wa ya haife su? Ba rigima nake nema ba.

Ɗan_Katolika:
Ɗan'uwa kai da ka kira mu 'yan'uwa yanzu, uwarmu ɗaya da kai? A Farawa 13:8 Ibrahim ya ce wa Lutu mu 'yan'uwa ne alhali Lutu ɗan Haran ne, Ibrahim baffansa ne, haka Ibraniyawa ke magana, dangi duk 'yan'uwa ne. Sannan ka duba Markus 15:40 akwai wata Maryamu daban da aka kira uwar Yakubu da Yusufu. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Yahaya 19, Yesu na kan gicciye ya damƙa uwarsa hannun almajiri, in tana da 'ya'ya maza huɗu a raye ina suke da za a ba wani riƙonta?

'Yar_Bishara:
Haba malam, ai Yahaya 7:5 ya ce a lokacin 'yan'uwan nasa ba su gaskata da shi ba, ga amsarka nan. Kuma da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari ba Ibrananci ba, suna da kalmar ɗan baffa ko ɗan goggo, anepsios, Bulus ya yi amfani da ita a Kolosiyawa 4:10 kan Markus da Barnaba, amma da ya zo kan Yakubu a Galatiyawa 1:19 sai ya ce ɗan'uwan Ubangiji. Ga Matiyu 1:25 kuma, Yusufu mijin Maryamu bai san ta ba sai da ta haihu. Ni dai ban ga abin da aure na halal zai rage mata ba.

Ɗan_Katolika:
Mikal matar Sarki Dawuda ba ta haihu ba har ranar mutuwarta, 2 Sama'ila 6:23, bayan ta mutu ne ta haihu kenan? 😄

Tsohon_Malami:
Yarana a hankali. Wannan gardama ta tsufa, wajen shekara ta 383 Jerom, malamin coci na da, ya rubuta raddi a kanta ga Helbidiyus, wanda ya ce Maryamu ta haifi wasu 'ya'ya bayan Yesu, kuma kusan ayoyin nan da kuke jifan juna da su su ne nasu. Akwai ra'ayi na uku da ba wanda ya taɓo, na Efifaniyus, wani bishop na da, wanda cocin Otodoks ke bi har yau: 'ya'yan Yusufu ne da matarsa ta fari, kenan yayyen Yesu ne a gida ɗaya, ba sai an ja kalmar ɗan'uwa ta yi nisa ba. Kuma 'yata kar ki ɗauka Katolika kaɗai ne, Martin Luta da Zwingli, jagororin Furotesta na farko, ma sun yarda da budurcinta na har abada.

Mai_Neman_Sani:
Luta kuma?? Baba wannan kam sai na tambayi fastonmu ranar Lahadi.