RAV4 ɗina AWD ce amma gaba kaɗai ke ja, ko an cuce ni ne?

Baban Ummi: Salam 'yan uwa. Na sayi Toyota RAV4 2008 Beljiyam, atomatik, an ce min AWD ce, wato mai ja da tayoyi huɗu. Jiya kan hanyar ƙauyenmu bayan ruwan nan na faɗa taɓo, yaran da suka zo turi suka ce tayoyin gaba ne suka fara wulwulawa kafin na baya su motsa. Bakanike na kuma wai in cire farfela kawai, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi tayoyin baya, tunda mai take sha a banza. To wai ya ake raba ƙarfin nan ne, ba rabi da rabi ba ne?

Injiniya Zariya: Wa alaikassalam Baban Ummi, ba wanda ya cuce ka, haka aka yi ta. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 in kana tafe a kwalta lafiya lau kusan duk ƙarfin gaba yake zuwa, farfelar tana juyawa dai amma akwai wani kuloci mai aiki da lantarki daf da aksul ɗin baya, sai kwamfuta ta ji ka taka mai da ƙarfi ko tayar gaba ta fara sulɓi sannan ta matse shi, iyakar rabon wajen kashi 55 gaba 45 baya. Duba kusa da sitiyari ko dashbod akwai madanni LOCK mai matse kulocin nan don tayoyin baya su ja, shi ya kamata ka danna tun kafin ka shiga taɓon ba bayan ka nutse ba, kuma da ka wuce kilomita 40 a awa zai saki da kansa. Giyar atomatik ɗin ma ba ita ke rabon ba, ita nata canja giya, wani ƙaramin akwati ne a jikinta ke juya ƙarfin ya bi farfela.

Ɗan Maraɗi: Kowace mota da tsarinta fa. Tsohuwar Lexus RX300 mai AWD ita kullum 50-50 ne. Subaru atomatik da yawa 60 gaba 40 baya, nasu kulocin a cikin akwatin giyar yake, Audi quattro kuma akwai masu 40 gaba 60 baya. Honda CR-V ce ke kama da taka. Nan wajenmu yashi ne matsalar, in ya yi zurfi sai Hilux ko Land Cruiser masu giyar ƙarfi, RAV4 kulocin nan zafi yake ɗauka ya sake ka a tsakiyar rairayi.

Oga Mai Faci: Yallaɓai kar ka bari a cire farfelar nan, man da za ka rage bai kai ya kawo ba tunda nauyin ƙarafan na nan a jikin motar. Ni abin da nake gani kullum taya ne, mutum ya sa sababbi biyu a gaba ya bar suɗaɗɗu a baya ko ma lamba daban, tsayinsu ba ɗaya ba sai motar ta ɗauka sulɓi ake yi kulocin ya yi ta aiki har ya ƙone. Haka in ta lalace kar a ɗaga gaba a ja ta tayoyin baya na ƙasa, a ɗora ta kan mota gaba ɗaya.

Baban Ummi: Kai, na gode ƙwarai. Yanzu na leƙa, madannin na nan, wata huɗu ina ganinsa na ɗauka na kulle ƙofa ne wallahi. Oga tayoyin baya kam lambarsu daban da na gaba, gobe in sha Allahu zan je a duba.