An sa bikin ƙanwata kafin a ba da hutun Disamba, in ɗauke yara daga makaranta?

Uwar Uku, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wurin malaman makaranta da iyayen da irin wannan ta taɓa samu.

A Yelwa muke, nan Garwa, arewacin Kamaru. An sa bikin autarmu a Yawunde, Asabar ta biyu a Disamba, a gidan Hajiyarmu da ke unguwar Briketeri. Makarantu kuwa ba za a tashi ba sai wajen 20 ga wata. Ni ce babbar yarta, ba zan sauka ranar ɗaurin aure kamar 'yar gayya ba. Sa lalle, kayan ɗaki, jere, duk a wuyana suke. In aka haɗa da hanya, yara za su rasa kusan mako biyu.

Su uku ne. Na farin yana 4e a lise (aji uku na sakandare), mai bi masa mace ce tana CM2 (ajin ƙarshe na firamare), auta kuma CP (aji biyu na firamare). Hajiya ba ta taɓa ganin auta ba sai a waya, ga ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya. Babansu direban babbar mota ne, auduga yake ɗauka. Da kaka ta kankama ba ma ganinsa sosai sai wajen Afrilu, farkon Disamba ne kaɗai yake da sukuni. Ya ƙudurta bayan biki mu gangara Kiribi yara su ga teku, tunda ruwan da suka sani bai wuce Binuwai ba, ita ma da rani rabinta yashi ne. Ga kuma maganar tikiti: da an ba da hutu jirgin ƙasa na Ngaundare yake cika maƙil da ɗaliban jami'ar Dang da ma'aikata masu komawa kudu, mu biyar ba za mu samu wuri ɗaya ba.

Shi cewa yake yi ƙarshen zango ba a karatu, wasa kawai yara suke yi, malamai na cika bulten, wato takardar sakamako. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya, saboda yarinyar nan bana za ta zauna CEP, jarrabawar gama firamare, da jarrabawar shiga 6e, ajin farko na sakandare. Maƙwabciyata ta ce in ce musu ba su da lafiya, a samo takardar asibiti. Yaya kuka gani?

Malamin CM2, Marwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Na daɗe da alli a hannu, to bari in ba ki amsa yadda nake ba iyayen ajina.

Maigidanki yana da gaskiya, amma ta mako ɗaya ce. Makon ƙarshe kafin hutu, bayan an gama kompo, wato jarrabawar ƙarshen zango, muna gyaran takardu da cika bulten, yara na share fili suna waƙa. Wanda ya rasa wannan makon bai rasa komai ba sai karɓar bulten, wannan ko kawunsa zai iya zuwa ya karɓa. Matsalar tana makon da ke gabansa. A makarantu da yawa lokacin ne ake jarrabawar ƙarshen zango, wasu kuma sun gama tun ƙarshen Nuwamba. Kowace makaranta da tsarinta, balle masu zaman kansu. Saboda haka kada ki tambaye mu nan ko ya halatta, je ki tambayi direkta ranar da za a fara kompo da ranar da za a gama. Amsarki tana cikin waɗannan ranaku biyu.

Auta ki tafi da shi, kada ki ma yi dogon tunani. Ɗan CP mako biyu ba ya kayar da shi. Ki sa allonsa da alli a jaka, ki karɓi littafin karatu wurin madam ɗinsu, kullum bayan asuba ya karanta miki shafi ɗaya ko rabi. Abin da nake tsoro ga masu shekarunsa shi ne Faransancin ya kwanta, don a gida Hausa ko Fulatanci suke ji. To a Yawunde ma ko wurin mai kanti aka aike shi da Faransanci zai yi magana, ban ga asara ba.

'Yar CM2 ce ta tsayar da ni, kuma ba don darasi ba. Jarrabawar shiga 6e da CEP sai Mayu da Yuni, akwai lokacin cike gurbi. Abin da iyaye suke mantawa shi ne dosiye. A wannan tsakanin muke haɗa takardun yaran da za su zauna jarrabawa: kwafin takardar haihuwa, hotuna, kuɗin rajista. In aka rufe karɓa kina Kiribi kina kallon ruwa, ba ni da ikon buɗewa, direkta ma ba shi da shi, sunaye sun riga sun wuce sama. Duk shekara a nan Arewa muna rasa yara masu ƙoƙari saboda takardar haihuwa kawai, sai an zo haɗa dosiye a tarar babu, ko a tarar sunan da ke jikinta daban da na rajistar aji. Gyaran kuwa sai an bi ta kotu, ba aikin kwana biyu ba ne. Ki ciro tata yau ki duba harafi bayan harafi, ki biya abin da ake biya, ki karɓi rasit, kafin ki yi maganar tikiti.

Maganar takardar asibiti kuwa, don Allah ki bar ta. Yaro ba ya riƙe sirrin teku. Ranar da aka dawo, kafin a yi fita ta farko duk aji sun ji labarin kifi da kwale-kwale, ga lalle a hannun yarinya har gwiwar hannu. Daga nan in ta yi zazzaɓin gaske wa zai yarda? Ki rubuta takardar neman izini da hannunki ko na babansu, ki faɗi gaskiya, ki sa ranar tafiya da ta dawowa. Mu ma muna da ƙanne, muna aurar da su.

Hajiya Babba, Ngaundare

'Yata, ni ban yi boko mai nisa ba, amma na aurar na kuma yi jikoki, to ki ji tawa. Ki kwashe su duka ku tafi. Zumunci a ƙafa yake. Tsohuwa mai ciwon ƙafa tana jiran ganin jika, ku kuna lissafin maki? Makaranta tana nan a Janairu. Ina yarinya jirgin nan ya iso garinmu, 1974, kuma tun lokacin nake ganin mutanenmu suna tafiya kudu ana cewa sai an yi hutu za a kawo yara, hutu ya zo babu kuɗi, kuɗi ya zo babu hutu, har yaro ya yi gemu bai san ɗakin kakarsa ba. Yaran Briketeri da na Garwa in ba a irin wannan taro ba, ina za su san juna?

Tunda ta nan za ku bi, ku taso Garwa da sassafe. Kusan kilomita 280 ne, ga hawan dutsen nan bayan Mbe da manyan motoci ke rarrafe a kai, kada ku zo a ƙurarren lokaci. Jirgi da daddare yake tashi, sai gari ya waye ku ga Yawunde. Ki ɗauko musu rigunan sanyi, sanyin Disamba na nan ba irin naku ba ne, yaran Garwa har kuka suke yi. Ki kuma je ki sallami malaminsu na allo, kada ki tuna da direkta ki manta da shi, shi ma yana da hakki.

Tsohon Sirbeyan (mai kula da ladabin ɗalibai a lise), Gidar

Hajiya Babba, Allah ya ƙara girma, ba na ja da ke a kan zumunci. Amma na lise ɗin nan a cire shi daga lissafin, don can ba firamare ba ce.

A firamare malami ɗaya ne, ya san yaro ya san gidansu, in ya ga dama ya zaunar da shi ya yi masa jarrabawarsa shi kaɗai. A 4e malamai sun kai goma, kowa da ranarsa, wasu ma a makarantu biyu ko uku suke koyarwa. Wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya ce a sake wa yaro don ya je biki? Wanda bai zauna ba kuma babu hujja, sifiri ne. Ki lissafa da kanki, 'yar uwa: ya ci 13 cikin 20 a lissafi a gwajin farko, na biyu sifiri, an raba biyu ya koma 6.5. Lissafi kuma ba a ƙirga shi daidai da zane ko wasanni, ninka shi ake yi. Darasi uku ko huɗu irin wannan sun isa su jawo yaro mai 12 ƙasa da 10, kuma zangon farko yana shiga lissafin ƙarshen shekara, wanda da shi ake cewa ya wuce ko ya maimaita. Badi 3e zai shiga, shekarar jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare. Ba shekarar da za a je da rauni ba ce.

Sannan mu a lise ba kwana muke ƙirgawa ba, awa muke ƙirgawa. Kowace awa ana kiran suna, ana rubutawa, a ƙarshe ta fito a bulten, mai hujja daban marar hujja daban. Mako biyu awoyi ne masu yawa, sun isa a kira uba gaban kwamitin ladabtarwa. In dai dole sai ya tafi, babansa ya je da ƙafarsa wurin sirbeyan janar tun yanzu, ba ke ba, ba kuma ta waya ba, ya kai takarda a sa mata hannu ya riƙe kwafi. Amma ni da ɗana ne, zai zauna ya gama jarrabawarsa, ya biyo wani babba daga baya. Namiji ɗan 4e me zai yi a wurin sa lalle?

Hajiya Babba, Ngaundare

Malam, ba lalle zai sa ba, kujeru zai ɗauka, a aike shi, ya ga yadda kawunnansa ke karɓar baƙi. Wannan ma karatu ne, ba a kuma ba da shi a lise. Amma na ji maganar sifirin, ban san haka abin yake ba. In zai biyo baya, a sauke shi gidana ya kwana, ni zan sa a kai shi tasha.

Ɗan Injamena

Mu nan Cadi sai Oktoba ake komawa makaranta, Disamba karatu bai daɗe da kankama ba, shi ya sa ni ba na taɓa zangon farko. Nawa biyu a Kuseri suke karatu, kullum sai sun haye gadar Ngeli, saboda haka kalandar Kamaru nake bi kamar ku. Abu ɗaya zan ƙara: duk yaron da zai bi hanya ba tare da iyayensa ba, a ba shi katin makaranta da kwafin takardar haihuwa a aljihu, wanda zai riƙe shi kuma ya san sunan uba da na uwa yadda suke a rubuce. Shingaye suna da yawa tsakanin Arewa da kudu. Kiribi kuwa in kun je kada ku tsaya bakin teku kawai, ku ƙarasa Lobe inda kogi ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Ku riƙe hannun ƙaramin, igiyar ruwan can ba ta wasa.

Uwar Uku, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Babba, na karɓi tayin masauki, zan neme ki ta gefe.

Jiya na je makarantar ƙananan. Direkta ya ce su za su gama kompo a makon farko na Disamba, ya sa hannu a takardata ba tare da wata doguwar magana ba, sai dai ya ce kada ranar komawa ta Janairu ta same mu a hanya. Metir ɗin CM2 ya ce zai ba ta ayyukan lissafi da dikte (shifta) ta tafi da su. Malam na Marwa, Allah ya biya ka: da na ciro takardar haihuwarta sai na ga sunan babansu an rubuta shi da harafi ɗaya daban da yadda yake a rajistar makaranta. Sun ce tunda ta haihuwar ce asali, rajistar za su gyara ta bi ta, an kuma karɓi hotuna da kuɗi, rasit yana hannuna.

Na lise ne ba a gama ba. Babansu ya je, aka nuna masa jadawali, lissafi da Ingilishi da Jamusanci duk sun faɗo a makon bikin, na ƙarshe ranar Juma'a da safe. Ya dawo ya daina maganar wasa ake yi. Yanzu shawarar da muke kai ita ce ni da ƙananan mu riga, yaron ya zauna wurin gwaggonsa a Rumde Ajiya, babansu ya jira shi su taso tare ranar Juma'ar da an tashi. In sun kama jirgin daren, Asabar da safe suna Yawunde, ɗaurin aure kuma sai bayan azahar. In sun rasa shi, sun rasa ɗaurin aure, ni kuma in shiga uku da surutun dangi, don babansu ne aka ce zai karɓi baƙin ango. Makon ƙarshen da zai rasa sirbeyan ya ce a kawo takarda zai sa hannu.

Yaron tun jiya bai ci tuwon kirki ba, wai an fi son ƙannensa. Wannan zan iya da shi. Abin da nake tambaya yanzu, mutanen Ngaundare da direbobi: motar da ta bar Garwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe tana kama jirgin dare a halin da hanya take ciki bana, ko in sa babansu ya roƙi malamin Jamusancin ya yi wa yaron tasa ranar Alhamis?