Bazara a Dubai da ƙananan yara uku: yaya ake tsara yini?

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum. Aiki ne ya kawo maigidana Dubai, muna zaune a hawa na tara na wani bene, kuma wannan ce bazararmu ta farko a nan. Yarana uku: Hanifa mai shekara huɗu, ƙaninta mai shekara biyu, sai jaririya 'yar wata huɗu da ba ta san komai ba sai nono. Makarantar Hanifa za ta tafi hutu a ƙarshen Yuni, ba za a koma ba sai ƙarshen Agusta, mu kuma bana ba inda za mu. Tun yanzu, da hantsi ya yi ba a iya tsayuwa a waje. Don Allah waɗanda suka san garin nan ku taimaka mini: yaushe ake fitar da yara? Ruwa nawa ya kamata su sha? A kan nawa ake barin esi? Kuma me zan ba su su yi a cikin ɗaki har wata biyu?

Hajiya Umma:

Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, sannu da zuwa, Allah ya raya mana su.

Ki fara da sauya lokutan yini gaba ɗaya. A Yuli da Agusta zafi kan wuce digiri 40 kusan kullum, wani lokaci ya kai 45, kuma da dare ma ba kasafai yake sauka ƙasa da 30 ba. Abin da ya fi wahalar da yara shi ne danshin da teku ke turowa, musamman daga Agusta zuwa Satumba. Idan iska ta cika da danshi, zufa ba ta bushewa a jiki, kuma bushewar zufa ita ce hanyar da jiki ke sanyaya kansa. Shi ya sa za ki ga yaro ya jiƙe sharkaf amma jikinsa na ƙara zafi. Hukuma ma tana hana ma'aikata aiki a rana daga 12:30 zuwa 3:00, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Abin da aka hana ƙato, ba a kai ɗan shekara biyu.

Lokacin fita na gaskiya shi ne sassafe. Rana na fitowa wajen 5:30. Ki tashe su su sha ruwa, ku sauka ƙasa da ƙarfe 6:00, ku dawo kafin 7:30, minti 30 zuwa 45 sun isa. Kafin yaro ya hau lilo ko abin zamiya, ki ɗora bayan hannunki a kai ki ƙirga biyar. In ba ki iya jurewa ba, fatarsa ma ba za ta jure ba. Ƙarfe da baƙar robar da ake shimfiɗawa a filin wasa suna riƙe zafi har bayan magariba, don haka kada a cire takalmi ko da rana ta faɗi.

Keken jaririya kuma, kada ki lulluɓe shi da zane ko mayafi wai don inuwa, komai shara-sharansa. Yana toshe iska, cikin keken ya fi waje zafi. Ki yi amfani da rumfar keken ko laima mai maƙalawa, ki bar gefe a buɗe, ki sa ƙaramar fanka mai caji inda hannunta ba zai kai ba.

Maganar mota ita ce wadda nake so ki riƙe da kyau. Motar da aka kashe aka rufe, zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 10 a minti goma, kuma jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri ninki uku zuwa biyar a kan na babba. Sauke gilashi kaɗan ba ya maganin komai. Ba a barin yaro a mota ko na minti ɗaya, ko da esi na aiki, domin inji na iya mutuwa. Dokar kare haƙƙin yara ta 2016, wadda ake kira dokar Wadima, tana hukunta irin wannan sakaci. Yawanci ba mugunta ke jawo shi ba, mantuwa ce, ranar da tsarin fita ya sauya ko jaririya ta yi barci shiru a baya. Ki riƙa ajiye jakarki da wayarki a kujerar baya kusa da ita. Motar da ke ajiye a gida kuma a kulle ta, a ɓoye makulli, kada yaro ya shiga wasa ya kasa fitowa. Kafin ki sa su ciki, ki buɗe ƙofofi, ki kunna esi minti biyar, ki taɓa ƙarfen bel ɗin kujerarsu, don yana ƙona cinya. Farin tawul a kan kujerar idan za a bar motar a rana yana rage hakan sosai.

Da dare akwai bakin tekun da aka keɓe don ninkayar dare tun 2023, a Jumeira 2, Jumeira 3 da Umm Suqeim 1, da fitilu da masu ceto. Ruwan yana da ɗumi a wannan lokaci, amma yara na jin daɗinsa.

Baban Sadik:

Hajiya ta gama da waje, bari in shiga cikin gida.

Esi a bar shi a kan 24, shi ne ma abin da hukumar wuta da ruwa ta DEWA ke ba da shawara. Mai sa shi a 18 ba ya samun sanyi da sauri, kuɗin wuta kawai yake ƙarawa, ga bushewar hanci da fata. Gadon jaririya kada ya kasance a saitin inda iskar ke hurowa. Ki sayi ɗan ma'aunin zafi da danshi ki ajiye kusa da gadon, domin lambar da ke jikin bango zafin wajen bangon take nunawa. Danshi tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 shi ake nema.

Kafin Yuli ki sa masu kula da benen su zo su duba abu uku: rariyar da ke tace iska, bututun da ke zubar da ruwan esi, da gas in naku mai gas ne. Rariyar da ake iya cirewa a wanke ta duk mako biyu zuwa huɗu da ruwa, ta bushe sarai kafin a mayar. Idan ta toshe da ƙura, iska ta ragu, ƙanƙara ta taru a ciki, sai sanyi ya ɗauke a ranar da aka fi bukatarsa. Bututun kuma in ya toshe, ruwa zai fara ɗiga daga silin, daga nan sai fumfuna, daga fumfuna sai tari. Warin ruma a ɗaki ko baƙin ɗigo-ɗigo a bakin mashigar iska alama ce. Ko za ku yi tafiyar kwana biyu, kada ku kashe esi ɗungurungum, ku bar shi a 26 ko 27. Labule mai kauri a tagar da ke kallon yamma, a ja shi tun kafin azahar.

Sai ruwan famfo. A gine-gine da yawa tankin yana sama a rana, don haka famfon da aka rubuta wa sanyi shi ke kawo ruwan zafi, wani lokaci har ya ƙona. Dabarar da aka saba ita ce a kashe hita, ruwan da ya kwana a cikinta ya huce, sai famfon zafi ya koma na sanyi. Tana aiki, amma ruwa mai ɗumi da ya daɗe a tsaye yana tara ƙwayoyin cuta, saboda haka a riƙa kunna hitar lokaci-lokaci ta yi zafi sosai, kuma ba a sha ko girki da shi. Ga jaririya, abin da ya fi sauƙi shi ne ki tari ruwa a baho da safe ki rufe a wurin da yara ba sa shiga, ki gwada da gwiwar hannu kafin wanka. Na ce wurin da ba sa shiga domin ɗan shekara biyu na iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, kuma ba a jin motsinsa. A zubar da zarar an gama.

Tunda hawa na tara kuke, tagogi su sami makullin da ba ya barin su buɗe fiye da santimita 10, ƙofar baranda a kulle a cire makulli, kujera da tebur da duk abin takawa a janye su daga jikin taga. Yaron da ya gaji da zaman ɗaki taga yake nufa. Ragar sauro ba ta riƙe nauyin yaro.

Anti Rakiya:

'Yar uwa, amsar ruwa ta bambanta ga kowannensu.

Jaririya 'yar ƙasa da wata shida mai shan nono zalla ba a ba ta ruwa, komai zafi. Nono ya ƙunshi ruwan da take bukata, ruwa kuma yana cika mata ciki ta rage tsotso, in ya yi yawa ma ya rage gishirin jininta. Ki ƙara yawan ba ta, ko da na ɗan gajeren lokaci ne, ke kuma ki ajiye gorar ruwa kusa da inda kike shayarwa. Ma'auninki famfas ne: kusan shida jiƙaƙƙu a yini da kwana, fitsari fari-fari.

Ɗan shekara biyu yana bukatar kusan lita ɗaya a yini, har da madara. Hanifa ta ɗara haka kaɗan, kuma a ƙara musu ranar da suka fita. Kada ki jira su ce ƙishirwa, yara na mantawa in wasa ya yi daɗi. Kowa da gorarsa, a miƙa masa bayan tashi, kafin fita, bayan dawowa, da kowane cin abinci. Lemon kwalba ba ya maye gurbin ruwa.

Alamun ƙarancin ruwa a jiki: bushewar leɓe, kuka ba hawaye, faɗawar ido, fitsari ja kuma kaɗan, a jaririya kuma faɗawar maɗiga. Idan yaro ya dawo daga waje a galabaice, yana zufa, yana ciwon kai ko tashin zuciya, ki kai shi ɗaki mai sanyi, ki cire masa kaya, ki shafa masa ruwa a wuya da hammata da matsematsi, ki kunna fanka, ki ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Ya kamata ya dawo daidai cikin minti 30. In bai dawo ba, ko zafin jikinsa ya kai 40, ko ya rikice, ko ya kasa farkawa sosai, ko ya fara jijjiga, ki kira motar asibiti a 998, ki ci gaba da sanyaya shi kafin su iso. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, don ba zazzaɓi ba ne. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa.

Ki ajiye fakitin gishiri da sukari na kantin magani saboda gudawa ko amai. Ki karanta jikinsa da kyau, wani na lita ɗaya ne, wani na mililita 200, kuma haɗin da ya yi kauri cutarwa yake yi. Abin da ya kwana ya wuni a zubar. Magungunan yara ba a barin su a mota.

Man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye, daga wata shida zuwa sama, a shafa minti 30 kafin fita, a sake duk awa biyu da bayan shiga ruwa. Baƙar fata ma tana ƙonewa. Jaririya inuwa ce kariyarta. Ƙurajen zafi kuma wanka da ruwa mai ɗan sanyi da kayan auduga sakakku ke maganinsu, mai mai kauri ƙara toshe su yake yi.

Abin da aka fi mantawa shi ne bitamin D. Rana ta yi yawa har an daina shigarta, sai yara su rasa shi, mai duhun fata kuma ya fi saurin rasawa. Abin da aka saba ba jariri mai shan nono da ƙananan yara shi ne ma'auni 400 a kullum, wato maikrogiram 10. Ki tambayi likitansu ya rubuta muku.

Maman Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maƙwabtana suna cewa in bar yara su yi ta barci har azahar, mu riƙa fita bayan isha'i zuwa sha biyun dare. In bi haka?

Malama Bilkisu:

Maman Hanifa, kafin Hajiya ta dawo, ni dai ban ba ki shawarar haka ba. Fitar dare sau ɗaya ko biyu a mako, ranar Juma'a ko Asabar, ba laifi. Amma idan ta zama ta kullum, kin rasa sassafe, wanda shi kaɗai ne lokacin da iska ke da dama-dama, kuma a ƙarshen Agusta sai kin yi fama kafin Hanifa ta koma tashin makaranta. Ɗan shekara biyu na bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da kwana, mai shekara huɗu 10 zuwa 13. Ki raba shi biyu: su kwanta wajen 8:30 na dare, su tashi da sassafe, sannan kowa ya yi ƙailula bayan azahar, har ke.

Rigimar da yara ke yi a bazara yawancinta rashin motsa jiki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu yana bukatar motsi na awa uku a warwatse cikin yini, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya ga mai shekara biyu zuwa huɗu, jarirai kuwa sam. Awa ukun nan ana samunsu. Minti 45 na safe a ƙasa. Da hantsi a ture kujeru, a jera matasai su tsallake, a manna salatif a ƙasa su bi layi, a ba su kwali babba su shiga su fita. Wasan ruwa a banɗaki da kofuna da mazurari, kina zaune a wurin, yana cin rabin awa. Kayan wasansu ki kasa kashi uku, ki fito da kashi ɗaya kowane mako, sai su zame musu sababbi.

Sau biyu ko uku a mako ku je babban kanti da zarar an buɗe, a ranakun aiki, lokacin ba cunkoso, su yi ta tafiya a farfajiya ba sai an sayi komai ba. Ki tafi da rigar sanyi mara nauyi ga jaririya, sanyin can ya fi na gida. Jirgin ƙasa na cikin gari ma fita ce a wurin yara: 'yan ƙasa da shekara biyar ba sa biya, akwai taragon mata da yara, sai dai ba a ci ba a sha a ciki, don haka su sha ruwa kafin ku shiga. Wuraren wasa na cikin gini suna da kyau amma a nan ake kwasar mura da ciwon ido, a wanke hannu kafin fita daga wurin.

Ki nemi uwa ɗaya ko biyu a benenku ku riƙa karɓa-karɓa, yau yara a ɗakinki awa biyu, jibi a nata. Iyalai da yawa na tafiya hutu, gini ya yi tsit, kuma kaɗaicin uwa mai goyo a wata biyun nan ba ƙaramin abu ba ne. Maigida ya karɓi fitar safe ko ta Asabar da Lahadi, ki samu ki yi barci.

Mutanen ƙasar na cewa zafi na fara sassautawa idan tauraron Suhail ya bayyana wajen 24 ga Agusta, amma kada ki saki tsarin a lokacin, danshin Satumba na nan.

Baban Sadik:

Ƙari a kan maganar Anti Rakiya ta kiran 998: kowane gini a Dubai yana da lambar Makani mai alƙaluma goma a jikin allo kusa da ƙofar shiga. Ki kwafe ta tare da lambar ɗakinku, ki manna a jikin firji, ki kuma adana a waya. Ita za ki karanta wa masu motar asibiti su zo ƙofarku kai tsaye. A ƙarƙashinta ki rubuta 999 na 'yan sanda, 997 na kashe gobara, da lambar mai gyaran esi na benenku da ke amsa waya da dare.