Layinin birkin Ford Model A: saƙaƙƙe ko mai tauri?

Mai Ford: Jama'a, raina a ɓace yake. Ford Model A ce ta 1930, ta maigidana a nan Amurka. Birkinta ba na mai ba ne, sandunan ƙarfe ke jan sa daga feda zuwa ƙafafu huɗu. Na kai a canza layinin, wato abin da ke matse gangar birki a cikin ƙafa don mota ta tsaya, aka ɗaura mata jabu, mai tauri irin na motocin yanzu. Sai na miƙe tsaye a kan feda kafin ta tsaya! Saƙaƙƙe mai laushi take so, wanda ake kafewa da ƙusoshin tagulla, tunda ƙarfin ƙafarka kaɗai ke matse shi.

Mai Sifiya: Jabu? Malam, iya bakinka. Kaya bai dace da motarka ba daban, jabu daban. Kullum mu 'yan sifiya ake ɗora wa laifi.

Oga Bakanike: Alhaji, duk abin da bai tsayar da mota ba jabu ne. Gangar birkin yawancin Model A farantin ƙarfe ce mara kauri, mai taurin yana cin ta, ya bar mata zane, in ta yi zafi birki ya gudu. Sai in an sa gangar ƙarfen zubi.

Mai Sifiya: To ka ga laifin ganga ne. Ina jabu a nan?

Ɗan Koyo: Oga, ai saƙaƙƙen na da ɗin da asbestos ake yin sa, wani ma'adini mai zare-zare da ke jure zafi. Ƙurarsa tana kawo kansar huhu.

Oga Bakanike: Yaro, manya na magana. Saƙaƙƙen yanzu akwai wanda babu asbestos a cikinsa.

Mai Sifiya: Ku ne kuke hure ƙurar birki da baki a gareji, sannan ku koya mana jabu.

Direba: Laifin Ford ne. Motar Chrysler tana da birkin mai tun 1924, shi Ford sai 1939 ya haƙura ya koma na mai.

Oga Bakanike: Kada ka taɓa min Ford.

Mai Ford: Don Allah, wanne zan saka?

Shugaban Zaure: An rufe. Kowa ya yarda da bayanin Oga: saƙaƙƙe za a saka, kuma 'yan sifiya su daina sayar da abin da ba su sani ba. Mu da muke kwana a ƙarƙashin mota mun fi kowa sani.

Mai Sifiya: Wa ya yarda? Mai Ford ya janye kalmar jabu tukuna.