Legas zuwa Kano a jirgin sama: mene ne nisan, kuma awa nawa ake yi?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyata ta zo Legas ganin likita, kuma alhamdu lillahi an sallame ta, sai dai ba na son ta sake zaman mota har Kano, domin da za ta zo sai da suka kwana a hanya, ta iso da ƙafafu a kumbure. Na duba tikitin jirgi, na ga wani an rubuta masa awa ɗaya da rabi, wani kuma ya haura awa huɗu, alhali dukkansu daga Ikeja ne zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano. Mene ne ainihin nisan, kuma wanne zan gaskata?

Malamin Obalende:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Duka biyun gaskiya ne. Nisan ta sama kimanin kilomita 835 ne, ta mota kuwa ya wuce kilomita 1,000 ko ta Jebba aka bi ko ta Lokoja. Idan jirgi ya daidaita a sama yana gudun kusan kilomita 800 a awa, amma ba ya kai wannan gudun lokacin hawa da sauka, don haka abin da za ku yi a sararin samaniya awa ɗaya ne da 'yan mintoci. Sauran abin da ya cike awa ɗaya da rabin shi ne tafiyar jirgi a ƙasa daga inda aka ɗebi fasinja zuwa titin tashi, da jiran izini. Mai awa huɗun kuwa, kusan tabbas ta Abuja zai bi. Legas zuwa Abuja wajen kilomita 510 ne, Abuja zuwa Kano kuma bai kai 400 ba, wato zaman jira ne ke cinye lokacin. Ga mai ciwo, ka nemi wanda zai tafi kai tsaye ko da ya fi tsada.

Hajiyar Idi-Araba:
Malam ya gama magana a kan nisa, amma ɗana, kada ka yi lissafi da awa ɗaya da rabi kawai. Jiragen cikin gida suna tashi daga gine-ginen fasinja biyu a filin jirgin Ikeja, ana ce musu MMA2 da GAT, kuma sauka a wanda ba naku ba da tsohuwa da kaya wahala ce babba, saboda haka ka duba tikitin da kyau tun a gida. Ka kuma sanar da kamfanin da wuri cewa tana buƙatar keken marasa lafiya.

Sai batun hazo. A wani watan Janairu na zauna a ɗakin jira tun hantsi har bayan la'asar, saboda an ce ƙura ta rufe Kano, matuƙi ba zai ga titin sauka ba, ga maganina yana cikin akwatin da aka riga aka auna aka shige da shi. Tun daga ranar, magani da dabino a jakar hannu nake ajiye su.

Ɗan Agege:
Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na sami na kai tsaye ranar Talata da safe, daga MMA2, kuma na gaya wa ƙanena kada ya baro Fagge sai na kira shi cewa mun shiga jirgi.