Mikin dokina ya warke, amma an ce ƙwayar cutar na iya ɓuya a hancinsa

Salamu alaikum. Masu dawakai da likitocin dabbobi, don Allah ku taimaka min. A nan Daura ƙarfe ya yanki dokina a ƙafar baya. Mun yi ta ɗirka masa penisilin, mugunya ta ƙi tsayawa. Da aka yi gwaji, sai ga ƙwayar cuta mai suna MRSA, wadda penisilin ba ya ci. An canja magani, miki ya kame, har gashi ya fara tsirowa.

To, likita ya ce tana iya zama a hancinsa shiru ba alama, ta kama sauran dawakai, har mutane. Ƙanena kuwa da hannu yake share masa hanci kullum. Ga hawan sallah ya matso. Har yaushe zan ware shi? Sai an sake gwajin hanci kafin in ɗaura sirdi?